Tukunyar Ƙarfe Ba Ta Sikeli Ba Ce

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya, Kabong, Jos



An ɗora mana nauyin yin magana a kan tukwane. Mun hango wasu samari can baya suna murmushi, watau a ganinsu ƙungiya ta rasa abin tattaunawa ne. To, ku ɗan yi haƙuri ku saurara, domin maganar ta fi shafar ku, tun da yake yawanci ku ne kuke ɗaukar tukwanen nan ku kai su sikeli.

Duk wanda ya manyanta a nan ya san cewa a da in biki ya tashi, ko suna, ko zaman makoki, ba a zuwa neman tukunya nesa. Yaro ake aika wa gida kaza, a ce a gaida Hajiya, a ce ta ba da babbar baƙar nan. Ƙarti biyu su ɗauko ta, a kafa ta a tsakar gida, a tuƙa tuwon da zai ishi unguwa. In an gama a wanke, a shafe ta da mai, a mayar tare da kwanon abinci na godiya. Yau kuwa haya muke yi, muna biyan kuɗi kan tukwanen alminiyam, waɗanda wasu ke ce wa sanholo. Baƙaƙen kuma ina suka tafi? Mun bi sawu mun tambaya, amsar kusan ɗaya ce a ko'ina: 'yan gwangwan sun saye. An ɗora tukunyar kaka a kan sikeli tare da tsohon rim na mota da karyayyen gado, an biya kuɗin kilo, an loda ta a tirela, ta tafi inda za a narka ta a yi rodi.

Ba mu ga laifin ɗan gwangwan ba, sana'arsa yake yi, kuma 'ya'yanmu ne da yawansu. Abin da muke so mu nuna shi ne, wanda ya sayar bai san abin da ya sayar ba.

Bari mu fara da yadda tukunyar ta zo hannunmu. Kakanninmu kuza ce ta kawo yawancinsu ƙasar nan. Tun kafin Turawa, Hausawa suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, suna fatauci da ita. Da kamfanonin Turawa suka buɗe haƙa a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Katsina da Bauci da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukur a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafancan kuma ya iso a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har tilasta wa mutane aka yi, aka kwaso su dubbai zuwa ramukan kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. To, wannan taro duk baki ne da shi, sai ya ci. Lebura ya wuni cikin laka da ruwan sanyi, ba shi da mata a kusa, ba shi da lokacin hura wuta. Mata ne suka ɗauki wannan nauyi, suna dafa tuwo da wake da ɗanwake suna sayarwa a bariki-bariki. Mai dafa wa mutum hamsin kullum kuwa, tukunyar ƙasa ba ta jure mata. Sai ta tara kuɗi ta nufi kanti, irin na su John Holt da UAC, inda jirgi ya sauke kayan ƙarfe, ta sayi baƙar tukunya. Tukunyar nan ita ce jarinta. Gidaje nawa ne a garin nan aka ɗora tubalinsu na farko da ribar tuwo? Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun fi mu sani.

Wani zai ce, mu da muke da maƙera tun kaka da kakanni, me ya sa sai da aka kawo mana tukunya daga Ingila? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce gishirin wannan jawabi.

Sanin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu tonon tarihi sun gano matoyar tama ta mutanen Nok wadda ta kai kimanin shekara 2,500. Wanda ya je gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, zai ga irin kayan mutanen nan da aka tono, wasunsu ma a ramukan kuza aka tsince su. Sai dai yadda ake dafa tama a ƙasashenmu, ƙarfen ba ruwa yake zama ba. Curi yake fitowa, maƙeri ya sa a wuta ya yi ta bugu a kan uwar maƙera har ya zama fartanya ko gatari ko takobi. Wannan ƙira ke nan. Tukunyar da muke magana kuwa ba ƙira ba ce, zubi ce. Sai an narka ƙarfen ya zama ruwa tsululu, a zuba shi cikin mazubi, ya daskare da siffar tukunya. Wannan yana bukatar wuta mai zafin da ya kai digiri 1,200 ko kusa da haka, a kuma riƙe ta a nan. Mutanen Sin sun iya wannan tun ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, Turawa ba su kama shi ba sai can baya ƙwarai.

A Ingila, wani mutum mai suna Abraham Darby ne ya sami takardar mallakar dabarar zuba tukwanen ƙarfe cikin mazubin yashi a 1707. A 1709 kuma, a wani wuri da ake kira Coalbrookdale, ya fara narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Waɗannan abubuwa biyu suka sa tukunya ta yi sirara, ta yi araha, har talaka ya iya saye, har aka riƙa cika jiragen ruwa da ita zuwa Afirka da Amurka. Ga wani abin sha'awa: mutumin da ake yi wa kallon ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe ƙofar zamanin masana'antu, da tukunyar girki ya fara. Daga baya garin Falkirk na ƙasar Sikotlan ya yi suna wajen wannan zubi, har yau a Afirka ta Kudu sunan yana jikin tukwanensu masu ƙafa uku. Ƙafa ukun nan kuwa ba ado ba ne, murhu ne aka haɗa mata a jiki, duwatsu uku da ba sa gocewa.

Yanzu ku je inda masu zubin tukwane suke aiki a kasuwanninmu ku tsaya ku kalla. Za ku ga akwatin katako, da danƙararren yashi mai ɗanshi, da tsohuwar tukunya da ake danna wa don ta bar siffarta. Dabarar Darby ce sak. Amma abin da suke zubawa alminiyam ne, don shi a digiri 660 yake narkewa, gawayi da zugazugi sun ishe shi. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka wannan. Shi ya sa in ka rasa tukunyar alminiyam, gobe a zuba maka wata. In ka rasa baƙa, mai zubin unguwa ba zai iya mayar maka da ita ba. Sabuwa ta waje akan gan ta jefi-jefi a manyan kantuna, ku je ku tambayi kuɗinta, sa'an nan ku kwatanta da abin da aka ba ku a sikeli.

Akwai kuma dalilin da ya sa ta dace da garin nan musamman. Jos tana bisa tudu, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku. A irin wannan tsawo ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a Ikko ba, wajen digiri 96 maimakon 100. Amaryar da aka kawo daga Kano takan yi ta mamakin yadda wake ke ƙin nuna, har ta zargi mai awo. Ba laifin mai awo ba ne, tudu ne. Tukunya mai kauri da murfi mai nauyi tana tsare tururi, tana riƙe zafi, iskar hunturu ba ta saurin huce ta. Baƙin ƙarfe yana da nawa wajen ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri. Mai tuƙa tuwo ta san amfanin wannan wajen sulala: ta janye itace, ta rufe, tukunya ta ƙarasa aikin da kanta. Haka gwaten acca da muka koya wurin maƙwabtanmu 'yan ƙasa, haka farfesun ƙafar sa da ake barinsa a kan garwashi tun dare. Mai ƙosai da mai masa su ma sun sani, kaskon ƙarfe ba ya barin mai ya huce duk sa'ad da aka zuba ƙullu.

Ba mu ce ba ta da aibu ba. Tana da nauyi, ta kusa ninka alminiyam sau uku. Tana tsatsa. In ta faɗi a kan dutse tana fashewa kamar ta ƙasa, domin ƙarfen zubi yana da sinadarin gawayi da yawa a jikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda ke sa shi tauri amma ba ya lanƙwasa. Matan da suka koma wa alminiyam ba wauta suka yi ba, bayansu suka tausaya wa. Kuma a shekarun tashin hankali, 2001 da 2008 da 2010, da iyalai da yawa suka sauya unguwa cikin gaggawa, ba wanda zai bar yaro ya ɗauki tukunya. Da yawa a nan aka rabu da su. Wasu maƙwabta sun adana sun mayar wa masu su, Allah Ya saka musu. Wasu kuma gobara ta bi ta kansu, suka fito jajawur, aka ɗauka sun mutu. Alhali sau da yawa man jikinsu ne kawai ya ƙone, in babu tsaga kuma ba su karkace ba, ana iya tashinsu.

Sai maganar lafiya, wadda muke roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Muna kiran tukunyar alminiyam tukunyar dalma, suna ne kawai, ba dalma ba ce. Amma wani lokaci sunan yakan zama gaskiya. Mai zubi abin da ya samu yake narkawa: gwangwanin lemo, tsohon kwano, kayan injin mota, lagireto. Wasu daga cikin waɗannan akwai dalma ta ainihi a jikinsu. A 2014 an buga wani bincike da aka yi a Kamaru a kan irin tukwanen nan na zubin gida, aka ga wasunsu suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. Dalma kuwa mun san aikinta, mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ba muna cewa a ƙaurace wa masu zubi ba. A dai tambaye su abin da suke narkawa, su kuma su ji tsoron Allah su ware kayan mota gefe.

Baƙar tukunya ita ma tana sakin wani abu cikin abinci, sai dai abin da take saki shi ne ƙarfen da jini ke bukata. A 1999 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a garin Mekele na ƙasar Habasha, da yara 407. An raba wa wasu gidaje tukwanen ƙarfe, wasu na alminiyam, bayan shekara guda aka ga ƙarancin jini ya fi raguwa sosai a gidajen masu ƙarfe. Da aka gwada a wasu ƙasashe sakamakon bai kai haka ba, ɗaya daga cikin dalilai kuwa shi ne matan sun ajiye tukwanen saboda nauyi da tsatsa. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce an ce tukunya ta maye gurbin asibiti. Mai ciki ta ci gaba da shan maganinta. Gidan da ke da mai sikila da ake yawan ƙara wa jini kuma, su tambayi likita tukuna, domin shi ƙarfe yawa yake yi masa.

To, yanzu ga wanda ke da ita a bayan ɗaki, kaji na shan ruwa a ciki, ko an kife ta a kan rufin kwano don kada iska ta yaye. Yaya za a yi?

Da fari a tabbatar ƙarfe ce. Maganaɗisu yana kama ta, ba ya kama alminiyam, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. Sa'an nan a rataye ta, ko a ɗaga ta da hannu ɗaya, a ƙwanƙwasa da muciya. Lafiyayya tana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwas, amon ya mutu nan take. A kuma binciki tarihinta. In an taɓa narka dalma a ciki, ko an jiƙa maganin feshi, ko an zuba ruwan batir, to ta tashi daga tukunyar abinci har abada, wanki ba ya fitar da wannan.

In ta tsallake, sai a kankare tsatsa. Yashi mai laushi da toka da soson ƙarfe, da ƙarfin hannu, aikin samari ke nan. In tsatsar ta yi kauri a jiƙa ta cikin ruwan tsamiya ko na lemon tsami awa ɗaya ko biyu, kada a bar ta ta kwana, don tsamin da ya ci tsatsa zai juya ya ci ƙarfen. A ɗauraye, a ɗora a wuta nan da nan ta bushe ƙarau. Kada a ce a bar wa rana, kafin rana ta busar da ita wata sabuwar tsatsar ta fito.

Daga nan sai shafa mai, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure. Man gyaɗa ya wadatar. A ɗiga kaɗan a tsumma mai tsabta, a shafe ciki da waje da murfi da ƙafafu, sa'an nan a ɗauki busasshen tsumma a goge kamar an yi nadamar shafawar. Abin da ya rage a jiki bayan gugar, shi ake so. A ɗora a wuta matsakaiciya, a bar ta ta yi hayaƙi har hayaƙin ya ɗauke, a sauke ta huce da kanta. A maimaita sau uku ko huɗu. Abin da ke faruwa shi ne, zafi yana mayar da siririn man nan wata irin busasshiyar fata mai tauri da ke manne wa ƙarfe. Ita ce baƙin nan mai sheƙi, ita ke hana tsatsa, ita ke hana masa kamawa. In aka labta mai da yawa ba ya bushewa, sai ya yi danƙo, ya yi ta kama ƙura yana wari. Kuma don Allah, baƙin mai na inji ba ya cikin wannan magana. Mun ji wasu na shafa shi wai don ajiya. Guba ne.

Girkin farko a yi na maiƙo, suyar nama ko ƙosai ko dankali, wanda Allah Ya hore mana shi daga Bokkos da Mangu. Miyar tumatir da yakuwa a dakata sai fatar ta yi ƙwari, ko a lokacin ma in an gama a juye, kada miya ta kwana a ciki. Zoɓo da kunun tsamiya a nema musu wata tukunya, don suna cin fatar, su ma launinsu yana dusashewa su ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Kanwa mai yawa ita ma tana kwaɓe ta, in an yi girki da ita a sake shafa mai. Sabulu kaɗan wajen wanki ba ya komai, abin da ke kashe tukunya shi ne a cika ta da ruwa a bar ta kwana biyu wai ƙanzo ya jiƙa. A zuba ruwan ɗumi, a ɗan tafasa, a kankare da mara ko muciya, ƙanzo zai taso. Kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin tukunyar da ta yi zafi jau. A nan Jos, da asubar Disamba, ruwan randa kamar ƙanƙara yake, tas ɗaya za ka ji, tukunyar da ta shekara saba'in ta tafi.

Ajiya kuma, damina ce abokiyar gaba. Tun daga Afrilu har Oktoba muna cikin ruwa, a Yuli da Agusta ko tufa ba ta bushewa. Kada a ajiye ta a kan dandamalin siminti, a kife ta a bisa katako ko duwatsu yadda iska za ta shiga ta ƙasa, murfi kuma a jingine shi dabam. Amma gaskiyar magana, tukunyar da ake girki da ita kowane mako ba ta bukatar duk wannan. Wadda aka ɓoye don ƙauna ita ce ke lalacewa.

Mai tsaga fa? Ba kowane mai walda ne ya iya ƙarfen zubi ba. In aka sa masa wuta yadda ake yi wa ƙofa, gefen ɗinkin zai sake tsagewa. Sai an gasa tukunyar duka ta yi zafi, a yi aiki da sandar walda ta musamman mai sinadarin nikel, sa'an nan a binne ta cikin toka ko yashi ta huce sannu a hankali. Masu gyaran kan injin mota sun san wannan aiki, su za a nema. In tsagar a baki take ko a kunne, akwai fata. In a gindi take, a haƙura, ta koma mazubin hatsi.

Saura magana ɗaya ga dattawa, masu zama wajen rabon gado. Sau da yawa in an zo kan kayan tsohuwa, sai a kira ɗan gwangwan ya yi wa tukunya kuɗi, a sayar a raba. Muna roƙo a riƙa tambayar magada tukuna ko akwai mai so a sa masa ita cikin rabonsa. In babu, a sanar da ƙungiya kafin a kira mai sikeli, mu za mu biya abin da ya fi na kilo, ta shiga cikin kayan aro na jama'a.

Kwamitin mata ya yarda zai zaga gida-gida kafin zama na gaba. Abin da za su rubuta kaɗan ne: tukunya nawa ce a gidan, da lambar girma da aka zuba a jikinta ko a murfi in tana karantuwa, da sunan maƙerar in akwai, da kuma wadda ta fara sayen ta in an tuna. Wanda ba ya son a ari tasa ya faɗa, ba dole, za a rubuta a gefe. Masu tsatsa kuma a fito da su ranar Asabar ta ƙarshen wata da safe, samari su zo da yashi da soso, man gyaɗa da itace ƙungiya ta ɗauka.